Farar Ƙasa a Bangon Kawu

"Wallahi idan ka sake cewa mu juya, nan zan sauka in ƙarasa da ƙafa!"

Dogo ya saci kallonta, ya mayar da idonsa kan hanya. Hanyar ma dai suna ce kawai, sawun taya ne guda biyu suka miƙe cikin yashi, ba gida gaba ba gida baya. Bokitan fenti da tsani sai ƙara suke yi a bayan akori-kurar.

"Ni ban ce mu juya ba, Barkono. Cewa na yi mutumin da ya ƙi zuwa ɗaurin aurenmu..."

"Kawuna ne!"

"Na sani."

"To ka ja bakinka ka yi tuƙi."

Ya ja bakin nasa. Abin da ke ƙara ƙona mata rai da mijin nan nata ke nan. Sai ta ɗauko faɗa da zafinsa ta kawo masa, shi kuma ya karɓa ya ajiye a gefe kamar an ba shi ajiyar kaya. Mutum ya yi ta masifa shi kaɗai kamar rediyo!

Barkono ba sunan yanka ba ne. Kawu ne ya laƙaba mata tun tana 'yar mitsitsiya, ranar da ta gantsara wa maƙwabcinsu cizo don ya taɓa mata 'yar tsana, sunan kuwa ya bi ta har ɗakin aure. Mahaifinta ya rasu tana ciki, mahaifiyarta ta bi shi tun ba ta gama iya magana ba, sai yayan mahaifiyar ya ɗauke ta. Shi ya yi mata uwa ya yi mata uba, har kitso ya koya saboda ita, duk da kitson nasa bai taɓa kwana biyu bai warware ba.

Mai zane ne, irin waɗanda ake rataye aikinsu a manyan ɗakuna, mutane su tsaya suna gyaɗa kai. Duk shekara da sanyi ya kama sai ya tattara komatsansa ya tafi wani gida da ya gina a hamada, wai hasken can ya fi na gari gaskiya. Ita ya bar ta wurin dangi ko a makarantar kwana. Bai taɓa kai ta ba.

Ranar da ta kawo masa Dogo, Kawu ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji an ce fenti, fuskarsa ta washe.

"Masha Allah! A kan me kake yi? Takarda ko ƙyalle?"

"Gidaje, Kawu. Ciki da waje."

Shi ke nan fara'ar ta ɗauke kamar an kashe fitila. Bayan baƙon ya tafi ya ce da ita, "Ni na ƙarar da rayuwata ina fito da abu a bango, ke kin kwaso mini wanda sana'arsa rufewa." Ta yi masa tsiwa, ya yi mata tsawa. Ana saura mako guda biki ya kulle gidansa ya gudu hamada tun sanyin bai sauka ba. Dangin uba ne suka ɗaura auren. Tun daga ranar ko wayarta ba ya ɗauka.

Shi ya sa ta rantse ba za ta koma gida ba sai Kawu ya buɗe baki ya sa wa aurenta albarka. Ba ta iya rayuwa babu Dogo, ba ta kuma iya barci Kawu yana fushi da ita.

Da la'asar suka isa. Gidan ƙasa ne ginin hannu, a gindin wani jan dutse, ɗakuna biyu da kicin da tsakar gida mai faɗi. Ko'ina kwanoni ne cike da garin kala, ja da ɗorawa da wani baƙi-baƙi, ga kwalaben ƙaro an jera a taga. Kawu yana zaune kan tabarma cikin tsohuwar rigar sanyi, yana niƙa wani ɗan dutse a turmin ƙarfe. Ya rame, gemun ya ƙara fari.

Suka yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba.

Dogo ya durƙusa har ƙasa. "Barka da yamma, Kawu. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya." Ƙwas, ƙwas, turmi ya ci gaba da aikinsa.

"Kawu, gaishe ka fa yake yi!" in ji Barkono.

"Ai na amsa. Ko so kike in tashi in yi masa rawa?"

"So nake ka dube shi! Mutum ya yi tuƙi tun safe don ya zo ya gaishe ka..."

"Wa ya aike shi?"

"Ni!"

"To ke za ki biya shi da kallo."

Dogo ya miƙe a hankali ya ce bari ya shigo da kaya. Yana fita Barkono ta cika ta yi fam, ta tsaya a kan Kawu hannu a ƙugu.

"Me na yi maka ne? Ka faɗa mini! Ranar aurena ina ta waige-waige kamar marainiya, kowa yana tambaya ina Kawu, ni ina yi maka ƙaryar ciwo. Ashe kana nan kana dakan duwatsu!"

Sai a lokacin ya ɗago. Ya buɗe baki zai rama, amma ya tsaya. Ya daɗe yana kallon fuskarta, yadda ta haɗe gira, yadda leɓenta na ƙasa ke rawa. Taɓaryar ta yi shiru a hannunsa.

"Haka take yi..." ya faɗa can ƙasa.

"Wa?"

"Ba komai." Ya share fuska da tafin hannu. "Gobe da hantsi, in rana ta hau rufin kicin, ki same ni a nan tsakar gida. Akwai abin da ya kamata a ce na nuna miki tuntuni. Ke kaɗai."

"Shi fa?"

"Na ce ke kaɗai."

Bayan magariba sanyin hamada ya sauko, irin mai shiga ƙashi. Kawu ya dafa shayi ya tura wa Dogo kofi da gefen hannu, bai ce masa uffan ba. Da suka shiga ɗakin baƙi, Barkono ta juyo kan mijinta, don dole fushin ya sauka a kan wani.

"Kai ma ai da laifinka! Ka zauna kurum kamar buhun siminti. Ka yi wani abu mana! Ka nuna masa kai ma Allah ya ba ka hannu."

"Me zan yi, masoyiya? Ni ban iya zance irin nasa ba."

"Oho! Ka nemo. Ni dai na gaji."

Ta ja bargo ta juya masa baya. Ta ji ya gyara mata bargon a ƙafa, ta yi kamar ba ta ji ba.

Gajiya da sanyi suka danne ta bayan sallar asuba. Cikin barci ta ji ƙarar ƙofa, Kawu ya fita neman duwatsunsa. Can kuma ta riƙa jin wani ƙarar-ƙarar kamar ana kankare tukunya. Ta ja tsaki ta ƙara cusa kai cikin bargo.

Da ta fito, haske ne ya fara dukan idonta. Bangon da ke fuskantar kicin, wanda jiya ta gani duk tsaga da dabbare-dabbare kamar yara sun yi wasa da taɓo, yau ya koma fari tas, sumul daga sama har ƙasa. Dogo yana saukowa daga tsani, farar ƙasa har a girarsa, yana murmushi irin na yaron da ya ci jarrabawa.

"Ya kika gani? Bangon ya kusa zubewa fa. Na kankare ruɓaɓɓen yaɓen duka, na cike tsagar, na yi masa shafe biyu. Zai yi shekaru bai motsa ba."

Gaskiya ya yi kyau, har ranta ya yi sanyi. Ta kai hannu za ta goge masa gira sai suka ji sallama.

Kawu ya shigo da jakar duwatsu a kafaɗa. Taku biyu ya yi ya tsaya cak. Jakar ta zame ta faɗi, duwatsun suka watse a tsakar gida.

"Ina take?"

Dogo ya durƙusa. "Barka da dawowa, Kawu. Na ga bangon ne ya..."

"Ina take?!" Muryar ta fashe. "Ina ƙanwata? Ina ka kai mini ita?!"

Ya ruga ya faɗa wa bangon da farce, yana yaƙusar ɗanyar farar ƙasar. Babu komai a ƙarƙashi sai sabon yaɓe. Ya matsa gaba ya sake yaƙusa, ya koma baya ya sake. Sai idonsa ya sauka kan tarin ƙasar da Dogo ya share ya tara a lungu, ja-ja da ɗorawa-ɗorawa, har ya ɗora tsintsiya a kai. Tsohon ya zube a gaban tarin ya cusa hannu biyu ciki.

Barkono ta matso kusa da shi. "Kawu... wace ƙanwar? Me kake faɗa?"

"Uwarki!" Ya juyo, idonsa jajir. "Uwarki ce a bangon nan! Fuskarta! Da ƙasar dutsen nan na zana ta, shekarar da ta rasu, tun kamanninta suna ɗanye a idona. Ba a ganinta da rana tsaka, ba a ganinta da yamma, sai hantsi in haske ya bugo ta gefe, sai ta fito kamar za ta yi magana. Ita na ce ki zo ki gani!"

Barkono ba ta taɓa ganin fuskar mahaifiyarta ba. 'Yan hotunan da ake da su ruwa ya ci su shekarar da rufin tsohon gidansu ya rufta. Tun tana ƙarama take tsayawa gaban madubi tana ƙirƙirar fuskar, yau ta ba ta dogon hanci, gobe ta sauya. Ashe fuskar tana nan. Jiya ta wuce ta gabanta da akwati a hannu. Jiya ta kwana bango ɗaya ne tsakaninsu!

Ta ɗaga kai. Rana ta hau rufin kicin daidai, hasken ya bugo bangon ta gefe. Fari fat, ko ɗigo babu.

"Innalillahi..." Dogo ya miƙe, cokalin yaɓe ya suɓuce daga hannunsa. "Wallahi ban gani ba. Da duhu-duhu na fara, na ɗauka ruwa ne ya ɓata... Barkono, wallahi..."

"Kar ka kira sunana!"

"Ki saurare ni, masoyiya..."

"Wa ya sa ka? Bangonka ne? Gidanka ne? Ka tambayi wani?" Ta dunƙule hannu ta daki ƙirjinsa, ta sake duka, shi ko gezau bai yi ba, bai kuma kare ba. "Uwata! Sau ɗaya tak zan gan ta a duniya, ka sa ƙarfe ka kankare ta, ka share ta da tsintsiya kamar shara!"

"Ban sani ba..."

"Yaushe ka taɓa sani? Kai dai ka ga abu ka shafe! Ashe Kawu ya fi ni ganinka. Ba abin da ka iya sai rufewa! Da na ji maganarsa da ban aure ka ba, da yau na ga uwata!"

Dogo ya dube ta, irin kallon da bai taɓa yi mata ba. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya sunkuya ya ɗauki cokalin yaɓen ya ajiye kan bokiti, ya juya wajen Kawu.

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Ba ni da bakin ba da haƙuri."

"Fita mini daga gida."

Ya fita. Barkono ta durƙushe a gindin bangon ta fashe da kuka mai cin rai, tana dafa farar ƙasar tana ɓata tafin hannunta. Kawu kuwa ya ɗauko wani kwano yana kwashe ƙasar a hankali, yana surutai shi kaɗai.

"Na faɗa. Tun ranar farko na faɗa. Mutumin da bai san bambancin zane da datti ba..."

Wannan maganar ce ta tsayar mata da kukan. Ta ɗago a hankali. Wani sabon fushi ya taso mata, wanda ya fi na farkon tsufa.

"Kai fa?"

"Ni me?"

"Shekara nawa tana bangon nan?"

Ya ci gaba da kwasar ƙasar.

"Ina tambayarka, Kawu! Tun ina rarrafe take nan, ko ba haka ba? Duk shekara ka zubar da ni wurin mutane ka taho ka zauna kana kallonta kai kaɗai! Sau nawa na tambaye ka kamanninta? Sau nawa? Ka ce in je in yi wasa! Ka ce ka manta!"

"Barkono, ki iya bakinki..."

"Ba zan iya ba! Kai mai zane ne, takarda ta ƙare ne a duniya? Ka zana baƙi, ka zana raƙuma, ka zana tsofaffin da ba ka san sunansu ba, amma 'yar takarda ɗaya ka kasa ba marainiya ta sa a ƙarƙashin matashi!"

"Ba ta fitowa a takarda! Na gwada, ba ta fitowa!"

"To ka kawo ni! Mota ce babu? Ko hoton bangon ka ɗauka mana! Ƙanwarka ce, na ji, amma ni uwata ce! Shi rana ɗaya ya rufe ta bisa kuskure. Kai ka rufe mini ita tun ina goye, kana sane!"

Tsohon da ba a taɓa kayar da shi a magana ba ya tsaya tsuru-tsuru, ƙasa tana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"In na kawo ki," ya ce daga ƙarshe, muryar a dishe, "sai ta zama taki. Ni kuma ita kaɗai ta rage mini."

"Ni fa? Ni ba ta bar maka ni ba?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta miƙe fuu ta nufi ƙofa, don in ta ƙara minti ɗaya za ta faɗi abin da ba ya ɗaukuwa. So take ta shiga mota ta ce wa Dogo ya tayar su bar wurin nan, in ya so ta ƙarasa masa nasa faɗan a hanya.

Motar tana nan inda suka bar ta. Babu kowa a ciki. A kan gangar ruwa da ke bakin ƙofa ta ga mukullin, an ɗora masa ɗan dutse don kar iska ta ture shi. Ga sawun manyan takalmansa nan sun miƙe cikin yashi.

Ya bar mata motar ya tafi da ƙafa. Ko gorar ruwa bai ɗauka ba, ga ta nan a kan kujera.

Sai yanzu maganar jiya ta dawo mata. Ita ce fa ta ce ya yi wani abu. Ita ce ta ce ya nuna hannunsa. Mutumin da bai iya zance ba ya tashi cikin wannan sanyin ya yi abu ɗaya da ya iya, don kawai tsohon da take so ya dube shi.

"Kawu!" ta ƙwala kira. "Kawu, ya tafi!"

Ya leƙo. "Allah ya raka taki gona."

"Da ƙafa! Ba ruwa!"

Fuskar tsohon ta sauya. Ya dubi rana, ya dubi sawun. "Shashasha! Sanyin safe ne ya ruɗe shi. Hanyar ta rabu biyu a bayan dutse, in ya bi ta hagu ba rijiya ba mutum." Ya fizge mukullin daga kan gangar. "Shiga! Ba zai mutu a ƙofar gidana a ce ni na kashe shi ba."

Tuƙin Kawu tuƙin fushi ne. Motar tana tsalle, bokitai suna kifewa a baya, shi yana zagin giyar motar yana zagin mai ita. Barkono ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana addu'a. Da suka zagaya dutsen, sawun ya bi hagu, kamar yadda aka yi tsoro.

Sun yi tafiya mai ɗan nisa kafin su hango shi, dogo siriri cikin farin yashi, yana tafe kai a sunkuye. Tun motar ba ta gama tsayawa ba ta dire.

"Kai wane irin mutum ne?! Ina za ka? Mutuwa kake nema?"

Bai tsaya ba. Ta sha gabansa ta riƙe masa riga. Leɓensa ya bushe, farar ƙasar girarsa ta jiƙe da gumi ta gangaro.

"Sakar mini riga, Barkono."

"Ba zan saka ba! Shiga mota!"

"Ba zan shiga ba."

Ta yi sororo. Tunda take da shi bai taɓa ce mata a'a da irin wannan muryar ba.

"Bangon nan laifina ne," ya ce. "Zan ɗauke shi har kabarina, ko kin yafe ko ba ki yafe ba. Ki dake ni, ki zage ni, duk na cancanta. Amma kin ce da ba ki aure ni ba." Muryarsa ta karye. "A gabansa kika faɗa! Wata da watanni ina haɗiye wulaƙancinsa don na san ke kina tare da ni. In ke ma ra'ayinku ɗaya, me zan koma in yi?"

"Fushi ne..."

"Kullum fushi ne! Ni ba ni da zuciya ne? Don ina shiru sai aka ce dutse ne ni?"

Yau ga Dogo yana faɗa, ita kuma Barkono ce mai saurare. Hawaye suka ɓalle mata.

"Ƙarya na yi," ta ce. "Wallahi ƙarya na yi, nawan. Ni na tura ka, ni na ce ka yi wani abu, sannan na juyo na ɗora maka duka. Na rasa fuskarta yau, zuciyata kamar ta tsage... amma in na rasa taka, wa zan kalla? Ko sau dubu za a mayar da ni baya kai zan aura. Ko Kawu ya so ko ya ƙi!"

"Ina jinki fa!" Kawu ya daka tsawa daga mota.

"Don ka ji na faɗa!" ta mayar masa ba ta ko waiwaya ba. Ta kama hannun Dogo ta ɗora a kumatunta. "Ka yafe mini. In ba ka shiga ba, wallahi nan zan zauna rana ta gasa mu tare."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa babban yatsa ya share mata hawaye, ya bar mata farin tabo a kunci.

"Ke dai ba ki iya ba da haƙuri ba sai da barazana."

"Haka ka gan ni ka ɗauka."

Kawu ya danna hon da ƙarfi. "In kun gama wasan kwaikwayon, wani ya zo ya karɓi wannan akwalar! Giyarta kamar ta injin niƙa!"

Dogo ya sha ruwa ya karɓi tuƙi. Barkono a tsakiya, Kawu a bakin taga ya juya musu ƙeya. Ita dai ta riga ta yanke a ranta, suna isa za ta haɗa kaya su tafi. Albarkar da ta zo nema ba za ta samu ba, ta haƙura, ta zaɓi mijinta. Amma zaɓin yana yi mata ciwo kamar ana zare mata haƙarƙari.

Sun kusa dutsen Kawu ya yi gyaran murya.

"Tana da wushirya."

Barkono ta juyo da sauri. Shi kuwa har yanzu waje yake kallo.

"Ba da ke nake ba. Da kai nake, Mai Fenti. Buɗe kunnenka da kyau."

"Ina ji, Kawu."

"Ban yafe maka ba, kar ka ɗauka na yafe. Amma tunda kai ka kankare ta daga bango, kai za ka ɗauke ta. Ni na tsufa, kaina ya fara yoyo. Wannan kuma in ta fusata ko sunanta mantawa take. Ran da 'ya'yanku suka tambayi kamannin kakarsu, kai za ka amsa. In ka rage ko ka ƙara, ban yafe ba har gaban Allah."

'Ya'yanku. Barkono ta toshe baki da mayafi. Ta ga hannun Dogo ya ƙanƙame sitiyari, idonsa ya cicciko.

"Na ɗauka, Kawu. Da yardar Allah."

"Wushirya a sama, 'yar siririya. In za ta yi dariya sai ta rufe da bayan hannu, wai kunya take ji. Baƙa ce, ta fi wannan duhu kaɗan. Akwai tabo a haɓarta, nan gefen dama, ni na ture ta daga kan katanga muna yara, ta kuma ce wa Baba faɗuwa ta yi don kar a dake ni..." Ya ja hanci da ƙarfi. "Girarta ta hagu ta fi ta dama tsawo. Kunnuwanta ƙanana. Ga faɗa! Wannan da kake gani ai ruwan sanyi ce a kanta."

Barkono ta kwantar da kai a kafaɗar mijinta, ta laluba ta kamo hannun Kawu mai kaushi, wanda har yanzu jar ƙasar ke maƙale a farcensa. Ya yi kamar zai ƙwace, sai ya bari. Hawaye suna bin kuncinta, amma ba ta ko ƙifta ido, don a karon farko a rayuwarta fuskar ta fara haɗuwa.

"Sai kuma me, Kawu? Idonta fa?"

"Ki bar ni in numfasa mana!" Ya goge fuska da hannun riga, ya harari gidan da ya fara bayyana a gindin dutse. "Kai kuma wa ke korarka? Rage gudu. Ban ko zo kan muryarta ba."

Dogo ya ɗaga ƙafa daga totur.